Tirelar kwana tana rawa a bayan mota, cibiyar taya kuma tana zafi

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana mota da ke wannan zaure. Watanni biyu da suka wuce na sayi ƙaramar tirela mai ɗakin kwana a hannun wani da ya shigo da ita daga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Tema, a nan Ghana. Niyyata in riƙa jan ta zuwa gonarmu da ke kusa da Buipe, in huta da kwana cikin mota lokacin girbi. Ranar Asabar na gwada ta a hanyar Techiman, amma ban kai Offinso ba sai da gabana ya faɗi, domin da zarar na haura kilomita 70 a awa sai ta fara wutsil-wutsil tana fizgar bayan motar, musamman idan babbar mota ta gifta. Da na tsaya na taɓa cibiyar tayar hagu, zafi bai bar ni na ajiye hannu ba, alhali ta dama ɗumi kawai ta yi. Janareta da jarkokin ruwa 4, irin waɗanda muke kira galan Kufuor, suna can ƙarshen baya, inda fili yake. Me zan fara dubawa?

Tsohon Fita (makanike) na Suame:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka gode Allah da ka tsaya inda ka tsaya. Rawar da ta yi da hannunka ka jawo ta. Jarka 4 masu lita 25 kilo 100 ke nan, ga janareta, duk ka jibge su a bayan tayoyi, sai wuyan tirelar ya yi sakayau yana neman ɗaga bayan motar. Abin da ake so shi ne wajen kashi 60 cikin ɗari na kaya ya zauna gaban tayoyi, a ƙasa, a ɗaure, ta yadda kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirelar zai danne ƙugiyar mota. Dawo da ruwan nan gaba, za ka ga ta natsu.

Zafin cibiyar taya kuwa ya fi tayar mini da hankali. Ko dai boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa a cikin cibiyar, ya bushe, ko an ɗaure notinsa fiye da kima, ko kuma birkin wannan ƙafa yana kamawa. Ka ɗaga ta da jak, ka juya tayar da hannu kana saurare. Idan ka ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, boris ya tafi. Sannan ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, bai kamata ka ji tana kwaɗ-kwaɗ ba. Kada ka yarda yaro ya cusa sabon giris a kan tsoho ya ce an gama. A kwance, a wanke da kananzir, a duba ko ƙarfen ya yi shuɗi ko ya ciccije, a canja robar da ke tare giris, a kuma sa sabuwar ƙusar da ke hana noti warwarewa. Ni duk shekara nake yi wa tirela haka, ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba, domin zama wuri ɗaya a daminar Kumasi ma yana cin boris.

Direban Nima:

Baba Fita ya gama magana a kan boris, sai dai ban yarda lodi kaɗai ne ya kawo rawar ba. Malam, duba lambar da aka buga a kan dunƙulen ƙarfen ƙugiyar motarka da wadda ke bakin tirelar. Motocin da ke zuwa daga Turai milimita 50 ne nasu, ƙananan tirelolin Amurka kuwa yawanci inci 2, wato milimita 50.8, kuma wannan ɗan bambanci yana barin wasa a mahaɗa. Ka duba tayoyin ma, kada zanensu ya ruɗe ka: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar da aka yi taya, 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Wadda ta haura shekara 6 ni ba na hawa hanyar Kintampo da ita. Sarƙoƙin tsaro biyu kuma a gicciye su ƙarƙashin wuyan tirelar. Idan ta sake yin rawa, ɗage ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi.

Hajiyar Asawase:

Ni ban san boris ba, amma tun da kwana za ka yi a ciki, Alhaji, ka sani wayoyinta na wutar Amurka ne mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230 ce, saboda haka kada ka jona ta da janareta kai tsaye sai mai gyaran wuta ya duba. Tiyon gas kuma ka shafa masa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne yake yoyo. Janareta a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mai barci.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe muka kwance ƙafar hagu a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, giris ɗin ya zama baƙi ƙirin kamar kwalta, boris na waje kuma ya yi shuɗi. Tayoyin na 2016 ne. Mun kuma ga wayoyi biyu suna shiga gangar birki, fitan ya ce birkin lantarki ne, kuma ba zai kama ba sai an sa wa motar na'urar da ke sarrafa shi. Ashe ran nan babu birki ko kaɗan a tirelar. Baba Fita, wace irin na'ura zan nema?