Littafi 14 na karanta bana, amma wanne ne ya zauna min a kai?

Ɗan Littafi:
Salam ƴan uwa. Farkon shekara na ɗau alwashin karanta littafi 24, ga shi shekara ta ƙare 14 kawai na iya gamawa, shida na harkar kuɗi, uku na kasuwanci, sauran novel. Abin da ke damuna shi ne na kuɗin nan wlh duk sun cakuɗe min, in ka ce in faɗi bambancin Rich Dad Poor Dad da The Richest Man in Babylon sai in tsaya ina sosa ƙeya, amma novel ɗin da na karanta tun watan Maris har yanzu ina tuna sunan kowa a ciki. Ni ne da matsala ko haka abin yake?

Malam Akawu:
Ba kai ba ne ɗan uwa. Yawancinsu magana ɗaya ce ake ja kamar roba. Na Babila ɗin nan tun 1926 ya fito kuma zancensa bai wuce ka ware kashi ɗaya cikin goma na abin da ka samu ba, kar ka taɓa. To ka ware? In baka ware ba ko sau goma ka karanta a banza.

Ɗan Littafi:
Malam ka taɓo min inda ke ciwo 😂 wata biyu na yi ina warewa, wayata ta faɗi sikirin ya fashe, shikenan.

Maman Biyu:
Nidai shawarata ka koma tarihin ƴan kasuwa, tunda labari ne ke kama ka. Shoe Dog na Phil Knight mai Nike nake nufi, mutumin da ya fara da sayo takalma daga Japan yana sayarwa a but ɗin mota, ciniki na ninkuwa duk shekara amma kullum aljihu wayam, banki na masa barazana saboda duk abin da ya shigo sai ya zuba a odar gaba. A nan na gane riba daban, kuɗi a hannu daban, abin da wani littafin ya yi shafi hamsin yana min bayani ban fahimta ba.

Ɗalibi:
Ni ma dai 24 ɗin ce ban gane ba, wa ya aike ka? Ni uku na karanta bana, ɗaya ma maimai ne.

Ɗan Littafi:
Maman Biyu na gode, shafi nawa ne? In ya haura 400 sai dai odiyo.