Hajiya ta ce ta sha yunwa a Biyetnam, zaure ya kama da wuta

Hajiya Babba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na sauka, ko akwati ban kwance ba, amma sai na amayar da abin da ke cina. Kwana tara muka yi a Biyetnam cikin ayarin yawon buɗe ido, mu goma sha shida, Musulmi mu huɗu. Kafin in biya kuɗi sau uku ina tambayar kamfanin da ya shirya tafiyar maganar abincin halal, sau uku suna ce mini in kwantar da hankalina. Muka kwana Hanoi, babban birnin ƙasar, da safe aka dire mana kwanon fo, wato taliyar shinkafa cikin romon naman sa, yana ta ƙamshin citta da kirfa, ga ɗanyen ganye da lemun tsami a gefe. Na tambayi ɗan jagoranmu wa ya yanka saniyar. Ya yi murmushi ya ce ai ba alade ba ne, shi a wurinsa magana ta ƙare ke nan. Da rana aka raba burodin da suke kira banh mi, na buɗe na ga an shafe cikinsa da niƙaƙƙiyar hantar alade. A jirgin ruwan Ha Long kaɗai na ci na ƙoshi, don kifi ne da jatan lande. Sauran kwanakin farar shinkafa da mangwaro da ayaba. Wallahi yunwa na sha a ƙasar nan. Duk Musulmin da ya bi ayari zuwa can an cuce shi, kuma kamfanin nan ya ci amanata.

Ɗan Kwari: Sannu da hanya Hajiya. Amma don girman Allah ki janye kalmar yunwa. Wanda ya hau jirgi ya keta duniya, ya kwana a otal, aka kawo masa shinkafa da mangwaro, bai kamata ya ambaci yunwa ba. Ki zo bakin kasuwa bayan la'asar in nuna miki masu ita.

Uwar Biyu: Haba Alhaji. Yaya fa ciwon suga gare ta. Ka san me farar shinkafa da mangwaro na kwana da kwanaki ke yi wa mai suga? Da na je tarbarta ban gane fuskarta ba. Kuma gumin ta ne ta kashe, ba na kowa ba.

Ɗan Kwari: Allah ya ba ta lafiya. Wannan sunansa wahala, ba yunwa ba. Hausa ba ta rasa kalmomi ba.

Malamin Tarihi: Ni ma kalmar ta tsaya mini a wuya, amma ta wata fuskar. Hajiya, Hanoin da kika kwana ta ga yunwa ta gaske. A 1945, lokacin da Japan ta mamaye ƙasar, Faransa mai mulkin mallakarta kuma ba ta saki ba, mutanen arewacin Biyetnam sun riƙa faɗuwa a kan titi. Ranar 2 ga Satumba ta wannan shekarar da Ho Chi Minh, jagoran neman 'yancinsu, ya karanta sanarwar 'yanci a dandalin Ba Dinh, ya ce sama da mutum miliyan 2 yunwa ta kashe. Dandalin nan dai da ake kai 'yan ayari su ga kabarinsa. Mutum ya tsaya a wurin sannan ya dawo ya ce ya sha yunwa, ni dai abin ya yi mini nauyi.

Hajiya Babba: Malam, kada ka mayar da ni wadda ba ta san ciwon mutane ba. An kai mu Cu Chi, wajen birnin Ho Chi Minh, inda mayaƙansu suka haƙa ramuka ƙarƙashin ƙasa, tsawonsu in an haɗa ya haura kilomita 200. Na shiga ɗaya da ƙafata. An ce ma an faɗaɗa shi saboda baƙi, amma a tsugune nake tafiya, kafaɗuna na gogar bango, zufa na zuba, ga warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A mafita ta farko na fito ina salati. Mutane kuwa a ciki suka yi girki, suka yi jinya, har haihuwa aka yi. Da muka fito aka zaunar da mu kan benci ƙarƙashin rumfa, aka kawo dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri da ɗan shayi. Jagora ya ce abin da suka rayu a kai ke nan. Ina dangwalawa na tuna rogo da ƙuli na ƙofar makarantarmu, sai ga hawaye. Shi ne abinci ɗaya da na kai baki a kan tudu ba tare da na yi tambaya ba. Na san bambancin tawa da tasu. Maganata a kan kamfani take.

Ɗan Kwari: To kin gani, har rogo kin ci. Ina yunwar?

Uwar Biyu: Alhaji ka ji tsoron Allah. Yanka biyu na rogo ne abincin yini?

Ɗalibin Maleshiya: Anti, ki yi haƙuri, ni sau biyu ina zuwa Saigon, wato birnin Ho Chi Minh, daga nan kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Kusa da kasuwar Ben Thanh akwai layin Nguyen An Ninh, gidajen abincin halal ne a jere saboda 'yan Maleshiya da ke zuwa sayayya. Babban masallaci yana titin Dong Du, Musulmin Indiya suka gina shi a 1935. A Hanoi ma ga masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc. Kuma suna da nasu Musulmin, ƙabilar Cham, da yawansu a lardin An Giang.

Hajiya Babba: Ɗana, kai kaɗai ka je da jakarka a baya. Mu mota ƙarfe bakwai take tashi, a ƙirga kawuna, a sauke ku inda aka riga aka biya kuɗin abinci. Na roƙi jagora ya bar ni minti talatin in nemi masallacin nan, ya nuna mini agogo.

Mai Shayin Layi: Ni abin da na ji, duk abincinsu da ruwan ruɓaɓɓen kifi suke yi. Ko kifin da Hajiya ta ci a jirgi ban yarda da shi ba.

Ɗalibin Maleshiya: Nuoc mam ake ce masa. Ƙananan kifi ne da gishiri ake tsimawa watanni a cikin ganga, a tace ruwan. Abin teku halal ne, ko yaron Islamiyya ya sani. Kamar daddawarmu ce, wari a hanci, daɗi a miya.

Uwar Biyu: Kul, kada ka haɗa daddawa da wannan. Kalwa ce, 'ya'yan itace, uwarka da tawa da ita suka rene mu.

Mai Shayin Layi: Yaran da aka tura karatu waje haka suke dawowa, komai na gida sai sun nemo masa ɗan'uwa a wurin wasu.

Ɗalibin Maleshiya: Baba ni ban zagi daddawa ba, a jakata nake tafiya da ita.

Badamagare: Malam ya ambaci Faransa ya wuce da sauri. A Dien Bien Phu, Mayun 1954, Janar Giap na Biyetnam ya durƙusar da ita, kuma cikin waɗanda ta tura yaƙin Indocin, wato yankin su Biyetnam, akwai baƙaƙen Afirka ta Yamma. Ƙanen kakana yana cikinsu. Ya dawo ba ya son jin ƙarar ruwan sama a kan kwano. Mu wannan ƙasa ba wurin hutu ba ce a kunnenmu.

Ɗan Kwari: Wato ku kuka taya Faransa yaƙar masu neman 'yancinsu.

Badamagare: Alhaji ka iya bakinka. Ku Ingila ba ta kwashi naku ta kai Burma ba? Wa aka tambaya a cikinsu? Har yau a garinku akwai gidajen da ake ce wa na 'yan Burma.

Ɗan Kwari: Namu Japan suka yaƙa, ba talakawa ba.

Malamin Tarihi: Ku dakata. Dukansu ɗaukarsu aka yi. Kuma wanda ya fi ɓarna a can Amurka ce, ta rasa sojoji kimanin 58,000, ta janye a 1973, Saigon ta faɗa hannun dakarun arewacin Biyetnam 30 ga Afrilu 1975. Hajiya, an kai ku gidan tarihin yaƙi kin ga hotunan yaran da gubar da aka fesa wa dazuzzuka ta nakasa?

Hajiya Babba: An kai mu, ban iya gama hawa na sama ba. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ko in nemi kamfanin nan ya mayar mini da wani abu.

Mai Shayin Layi: Ni dai a amsa mini maganar kifin nan.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, bari in tattara. Na farko, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun tafi a kan cewa kalmar yunwa ba ta dace ba, kuma Alhaji na Kwari ya faɗi gaskiya tun farko, Malam ya ƙarfafa shi da tarihi. Na biyu, ɗanmu na Maleshiya ya tabbatar da cewa halal na nan a Biyetnam ga wanda ya yi bincike kafin ya tashi. Ni shekara da shekaru ina harkar biza da tikiti, na san yadda masu shirya tafiya ke shan wahala da ayari mai addini daban-daban, ba a yi musu adalci in an ce cin amana. Hajiya uwa ce a wurinmu, muna mata sannu, Allah ya ƙara lafiya. Maganar daddawa Uwar Biyu ta fi gaskiya. Maganar Burma da Indocin na rufe ta, wanda ya sake tayar da ita zan cire shi na kwana uku.