Yashin da ya dace da sabon akwariyum (tankin gilashi na kiwon kifi) na ruwan gishiri

Na tattaro abin da masu kiwon murjani (halittar teku mai kama da dutse) suka ce kan yashi, kuma kusan bakinsu ɗaya a kan wani irin yashi da ake kira aragonait, tunda sinadarinsa irin na murjani ne. Rigimar tana wajen girman ƙwaya. Mai laushi sosai kamar gari yana da kyau a ido amma da zarar ka kunna famfo mai ƙarfi sai ya dinga tashi yana zuba kan murjanin, shi kuma mai tsakuwa datti ke maƙalewa a ciki har nitret, sinadarin da datti ke haifarwa a ruwa, ya hau. Shi ya sa yawanci suka tsaya a milimita 1 zuwa 2, ni ma nan na fi yarda.

Zurfi, inci 1 ko 2 ya isa. Busasshen yashi a wanke shi sai ruwan ya washe, mai rai na cikin leda, wato jiƙaƙƙen da ke zuwa da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, ba a wankewa. Baƙin yashi wasu sun ce a kula, yakan manne da maganaɗisun goge gilashi ya karce shi.

Sannan don Allah a fara dasa duwatsu kan gilashin kafin a zuba yashi, saboda kifaye masu tono kar su rusa su.