Phil Collins makaɗi ne ko mawaƙi?

Kawu Direba: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar da abin da ke cikina. Na taso daga Kaduna za ni Zariya, ɗan ƙanena na gidan gaba, sai na saka faifan Face Value na Phil Collins. Ko Mararraban Jos ba mu kai ba yaron nan ya ce wai Kawu a canza mana, wannan ai waƙar barci ce. Waƙar barci! Faifan da ya fito a Fabrairun 1981 ya hau matsayi na ɗaya a Ingila. Mutumin nan aurensa na farko ne ya mutu, matar ta tafi Kanada da yaransu, ya zauna a gida shi kaɗai yana haɗa waƙoƙi da piyano da na'urar kiɗa. Duk wanda ya taɓa dawowa ya tarar da gida wayam zai ji abin a ƙirjinsa. Na faɗa kuma zan maimaita, duk abin da ƙungiyarsu ta Genesis suka yi bai kai faifan nan guda ɗaya ba. Makaɗin nan da ya tsaya da ƙafarsa ya fi su a haɗe. Wanda bai yarda ba ya fito.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Amma wace irin magana ce "makaɗin nan"? Mutum mai murya irin wannan za ka kira makaɗi, sai ka ce mai kalangu a gidan biki?

Kawu Direba: Hajiya ba wannan na kawo ba. Maganar faifai nake yi.

Uwar Biyu: Ai da bakinka ka faɗa. Mawaƙi ne, a gyara.

Basakkwace: Hajiya a yi hattara. Tun yaushe makaɗi ya zama zagi? A wajenmu cewa ake yi Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, Makaɗa Musa Ɗankwairo. Su ne suka yi wa sarakuna waƙoƙin da har gobe ake nazarinsu a jami'a. Idan Narambaɗa makaɗi ne, wane ne Bature da zai fi ƙarfin sunan? Kuma mai kalangun da kika raina sana'arsa yake yi.

Uwar Biyu: Malam ban raina kowa ba. Kada ka sa mini magana a baki.

Injiniya: Ku tsaya. A zahirin tarihi Kawu bai yi kuskuren kalma ba. Collins ya shiga Genesis a 1970 ne a matsayin mai buga ganguna, Peter Gabriel ke rera waƙa. Sai da Gabriel ya fita a 1975, suka gwada mawaƙa da dama ba su samu wanda ya yi musu ba, sannan Collins ya karɓi makirufo. To makaɗi ne tun asali. Inda Kawu ya yi ɓarna shi ne cewa ya fi Genesis. Wanda ya saurari abin da suka yi zamanin Gabriel ba zai furta haka ba.

Bakatsine: Ni abin da ban gane ba, don me da an taɓo waƙa sai mutanen Sakkwato su jawo Narambaɗa? Shata fa? Dakta Mamman Shata ba shi ke riƙe kalangu ba, yana da makaɗansa a bayansa, shi nasa baki ne. Wannan shi ne mawaƙi. Jami'ar Ahmadu Bello ma digirin girmamawa ta ba shi.

Basakkwace: Ɗan'uwa, wa ya taɓa Shata a nan? Kai ka kawo shi.

Bakatsine: Ka taɓa shi da ka lissafa manya ka tsallake shi.

Basakkwace: Misali na bayar, ba ƙidaya nake yi ba. Kuma tunda ka tono, waƙar fada daban take da waƙar jama'a. Hausar da ke bakin Narambaɗa sai an zaunar da kai an warware maka.

Bakatsine: Ka ji ko? Na san nan za ka ɓulla. Wato mu ba mu jin Hausa.

Kawu Direba: Jama'a don Allah Face Value fa! Akwai wanda ya saurari faifan daga farko har ƙarshe a cikinku? Masu busa na ƙungiyar Earth, Wind & Fire suna ciki. Eric Clapton ya taɓa jita a ciki. Ku yi magana a kan wannan.

Na Sabon Gari: Ni na saurara Kawu, ina da kaset ɗin tun ina sakandare. Another Day in Paradise ce ta fi burge ni a ciki.

Injiniya: Ba ta ciki. Wannan ta 1989 ce, shekara 8 bayan faifan da ake magana.

Na Sabon Gari: To a kaset ɗina tana ciki.

Injiniya: Kaset ɗin da mai shago ya ɗaukar maka a kasuwa ya cusa duk abin da ya ga dama. Ba shi ne faifan ba.

Na Sabon Gari: Yallaɓai ba kowa ne ya tashi a gidan da ake sayen faifai daga Landan ba. Mu da kaset ɗin kasuwa muka san waƙoƙin nan, kuma ba mu ji kunya ba.

Injiniya: Ni ban ambaci gidan kowa ba.

Na Sabon Gari: Ba sai ka ambata ba. Sannan waƙar In the Air Tonight da ke cikin faifan, na ji an ce Collins ne ya ga wani da idonsa ya bar mutum ya nitse a ruwa bai cece shi ba, shi ne ya gayyato shi wajen wasa, ya sa aka haska shi da fitila yana rera masa.

Injiniya: Ƙanzon kurege ne. Shi Collins da bakinsa ya sha musanta labarin nan. Fushin mutuwar aurensa ne ya fito a waƙar.

Na Sabon Gari: A ina ya musanta?

Injiniya: A hira.

Na Sabon Gari: Wace hirar? Ni ma a wajen mutane na ji nawa, kai ma ji ka yi.

Uwar Biyu: Ku bar wannan. Ni tambayata ɗaya ce. Da a ce an cire muryarsa an bar gangunan kawai, wa zai sayi faifan?

Basakkwace: Hajiya juya tambayar. Waƙar da ake magana, me mutane ke jira a cikinta? Sai an wuce minti 3 da rabi ana tafiya a hankali, sannan gangunan su ɓarke. Wurin nan kowa ke jira, har direba sai ya buga sitiyari. Hannun makaɗi ne wannan.

Kawu Direba: Wallahi Malam ka faɗi gaskiya, ni kaina ina bugawa. Yaron nan ko wurin bai bari mun kai ba.

Injiniya: Shi kansa amon gangunan a faifan Peter Gabriel na 1980 aka fara samo shi, Collins na buga masa, Hugh Padgham na kan na'urori. Padgham ɗin ne ya zo ya yi aikin Face Value. Ko a nan ma sai da aka bi ta hannun Gabriel.

Kawu Direba: To wa ke bugawa a can ɗin? Ba shi ba ne?

Bakatsine: Idan mai kiɗa da waƙa shi kaɗai ake nema, ga Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Ba 'yan amshi, ba kowa. Shi me za ku kira shi, mutanen Sakkwato?

Basakkwace: Makaɗi mana.

Uwar Biyu: Mawaƙi dai.

Bakatsine: Alhamdu lillahi, Hajiya na tare da ni.

Uwar Biyu: Ni ba na tare da kowa, ban manta abin da ka faɗa mini kan Hausar Kano a watan jiya ba.

Injiniya: To jama'a dare ya yi, a matsayina na mai kula da zauren nan bari in tattara. An amince Collins makaɗi ne da ya koma mawaƙi, kuma a Genesis ya goge. Bai ma bar su ba sai 1996, abin da ke nuna shi kansa ya san inda ƙarfinsa yake. An kuma nuna cewa amon da ake yabawa a Face Value daga aikin Gabriel ya samo asali. Faifan ba laifi, amma babu wanda ya kawo hujjar cewa ya fi Genesis, don haka maganar Kawu ta faɗi. Batun Shata da Narambaɗa a kai shi wani zauren.

Kawu Direba: Injiniya wa ya amince? Kai kaɗai ka ambaci Gabriel a daren nan, ka shiga takara kuma ka yi alƙalanci. Ko waƙa ɗaya ta Genesis ba wanda ya kawo aka gwada da nawa.

Basakkwace: Kuma ni ban ce "ya koma mawaƙi" ba. Makaɗi na ce.

Kawu Direba: Gobe da asuba ina da lodin Kano, yaron zai bi ni. Tun daga Kawo zan saka masa, kuma ba zan canza ba sai gangunan sun shigo.