Sau ɗaya nake danna maɓalli, ESP32 tana ƙirga biyar

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka, kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Aikin kammala karatuna ne, na'urar ƙirga kaya mai maɓalli uku: na ƙarawa, na ragewa, da na mayarwa sifili. Da Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar allo da ake sarrafa na'ura da ita, na fara wata uku da suka wuce, amma ita ƙafa 2 da 3 kaɗai ke karɓar intarof na waje (siginar da ke sa allo ya katse abin da yake yi ya amsa danna nan take), ga malamin da ke duba aikin ya ce sai an ƙara Wi-Fi. Abokin da muke yi tare ma ya zame ya bar mini komai. Shi ne na koma ESP32, allo mai Wi-Fi, na ɗaura maɓallan a ƙafafunsa GPIO34, GPIO35 da GPIO4, na sa INPUT_PULLUP (umarnin kunna rizistar cikin ƙafa) da attachInterrupt a kan FALLING (wato intarof ya tashi idan wutar ƙafar ta sauka). Yanzu danna ɗaya sai ta ƙirga uku, wani lokaci biyar. Na 34 kuwa ko hannu na kawo kusa sai ya ƙirga da kansa. Can kuma allon ya mutu ya tashi. Saura kwana tara in gabatar.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, matsalarka a fili take. Ƙafafu 34 zuwa 39 na shigarwa ne kawai, ba su da rizista ta ciki mai riƙe wutar ƙafar kada ta yi yawo. INPUT_PULLUP ɗin da ka rubuta a kansu bai yi komai ba, ƙafar a sake take tana kwasar duk abin da ya gifta. Sa rizista 10k daga ƙafar zuwa bolt 3.3. Ƙirga biyar ɗin kuma ƙarfen cikin maɓalli ne ke tsalle na 'yan milisakan kafin ya zauna. Kafasita 100nF tsakanin ƙafar da GND (layin bolt sifili), magana ta ƙare. Shekara da shekaru haka nake yi. Kada wani ya ruɗe ka da gyaran kod.

Wata 'yar'uwa: Injiniya, maganar ƙafa 34 gaskiya ce, amma 10k da 100nF milisakan 1 kacal suke bayarwa, tsohon maɓalli yakan yi tsallen da ya fi haka. Ɗan'uwa, ka duba millis(), agogon milisakan na allon, a cikin ISR, wato kod ɗin da ke gudana idan intarof ya zo, duk dannar da ta zo kafin milisakan 50 ka watsar. Sannan me ka zuba a cikin ISR ɗin? In akwai delay (umarnin jira) ko Serial.print (mai tura rubutu zuwa kwamfuta), shi ke kashe allon. Ka sa IRAM_ATTR, alamar da ke ajiye ISR a ma'ajiyar cikin guntun? Lambar ƙirgar volatile ce, wato ka nuna wa kod cewa ISR na iya sauya ta a kowane lokaci? Turo kod ɗin mu gani.

Mai tambaya: Akwai Serial.print, amma ta nan nake ganin ƙirgar, kuma a Uno bai taɓa ba ni matsala ba. Batun sauya ƙafa ko ƙara rizista, na riga na liƙe komai da dalma, akwatin ma an yanka shi daidai allon.

Wani ɗan'uwa: Ni intarof ya isa da ni wallahi. A wani allon, STM32, na sa maɓalli a ƙafar PA0, wani a PB0, ashe layin intarof ɗaya, EXTI0, suke rabawa, ɗaya kaɗai zai yi aiki. Mako guda na ɓata, shugabana a wurin aiki ya tsaya gaban mutane yana cewa ban iya aiki ba, alhali shi ya zana allon. Har yau abin na ci mini rai. Yatsan mutum ba ya sauri, karanta maɓallan a loop, babban kod ɗin da ke ta maimaituwa, duk milisakan 10 ka huta.

Injiniya: A'a. Ranar da Wi-Fi ya riƙe loop, danna za ta wuce bai gani ba. Ƙanena, rizista biyu ne fa, ta bayan allo za ka liƙa su, minti goma. Ƙafar da ke sake babu kod ɗin da zai gyara ta.

Mai tambaya: Na gode Injiniya. Sai dai malamin ya riga ya sa hannu a zanen da'irar, ina tsoron ya ga abin da babu a takarda. Kuma intarof yana cikin taken aikin, ba zan iya cire shi ba. Na gwada millis() a GPIO4, ya ragu, amma allon ya sake mutuwa sau biyu da daren nan. Anya ba allon ne ya lalace ba?

Wata 'yar'uwa: Ka cire Serial.print ɗin daga ISR kuwa? Har yanzu ba mu ga kod ɗin ba.