Neman suna: Streptococcus suis da Hausa

Ƴar rediyo: Salamu alaikum, malamai. Gobe da safe ina da shiri kan cututtukan da mutum ke ɗauka daga dabbobi, na maƙale a kan ƙwayar cutar da ake kira Streptococcus suis. Mi zan ce mata?

Lokotoro: Ki ce sanƙarau na alade. Haka ta fi zuwa: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare. Amma abin da ke tayar min da hankali kunne ne. Da yawa sun warke amma ji ya tafi har abada, ga jiri, mutum na tafiya yana tangaɗi. In ta shiga jini, tabo ya fito a fata, mutuwa ba ta jinkiri. A Sichuan ta ƙasar Sin, a 2005, ta kama sama da mutum 200, kusan 40 suka rasu.

Tsohon malami: Ƴata, kar ki ce alade a rediyon Maradi. Aro ce daga Yarbanci. Gursunu muka gada. Cutar kuwa, ni na ce kurumtau, kamar yadda sanƙarewa ta ba mu sanƙarau.

Ɗan Kano: Baba, da girmanka, yaro nawa ya san gursunu yau? Alade ke cikin littattafai.

Tsohon malami: Littattafan wa? Hausar Katsina da Gobir ba ta jiran izinin Kano.

Ɗan Kano: Ban raina kowa ba, Allah shaida.

Lokotoro: Ku yi haƙuri, kurumtau ta yi daɗi, har mutanen Tailan zazzaɓin kurumta suke ce mata. Sai dai in suna bai ambaci dabbar ba, mai fiɗa da ɗan rauni a yatsa ba zai san da shi ake ba, alhali ta nan ƙwayar ke shiga, ko ta cin ɗanyen nama da jini. Kuma don Allah ki faɗa: allurar rigakafin sanƙarau da ake yi lokacin zafi ba ta tare wannan. Maganin penisilin na kashe ta in an je likita da wuri.

Ƴar rediyo: To, zan ce "sanƙarau na alade, wato gursunu, mai kurumtarwa". Na gode ƙwarai.

Tsohon malami: Ya yi tsawo. Ki dai sa gursunu gaba, alade baya. Kurumtau kuwa ban janye ta ba.