Datsun ɗin Baba: a dasa mata injin Lexus ko a bar ta da nata?

Mai Datsun: Assalamu alaikum jama'ar gida, ƙara na kawo. Marigayi mahaifinmu ya bar Datsun 240Z ƙirar 1972, mai ƙofa biyu da kujera biyu. Tun 1994 take kafe ƙarƙashin dalbejiya a gidanmu na Kaduna. Ranar rabon gado ba wanda ya kalle ta, ni na ce a sa mini ita a kasona. Makon jiya muka ɗaga bonet, injin ya ƙi motsi ko da an sa masa sifana. Bakanikena ya ce kada in wahalar da kaina, a ɗauko injin Lexus GS300 na Beljiyam, wato 2JZ, a dasa mata, wata biyu ina kan titi. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce duk wanda ya cire wa tsohuwar mota injinta na asali ya kashe ta, gawa yake tuƙawa. Yana nan cikinmu, ya zo ya kare maganarsa.

Kawu: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ban janye ba. Ɗana, me ka gada, ƙarfen jiki ko mota? Abin da ya sa duniya ta san 240Z tun fitowarta a 1969 shi ne injin nan L24, silinda shida a jere, lita 2.4, kabireta biyu, doki 151 a jikin da bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba. Kukan da take yi idan ka taka totur a giya ta uku, wannan kukan ne motar. Ka cire shi, ka samu Lexus sanye da rigar aro, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ɗan Panteka: Kawu, a yi mini afuwa, amma kukan nan naka shekara nawa rabon da a ji shi? Abin da ke kuka a motar yanzu gyare ne. Motar da ke tafiya da injin aro ta fi wadda kaji ke ƙwai a cikinta da injin gado.

Kawu: Ai ban ce a bar ta ga kaji ba. Cewa na yi a gyara nata.

Ɗan Panteka: Da wane kaya? Ni a kasuwar nake kwana nake tashi. Ka ce mini fulogi ko famfon ruwa na 2JZ, kafin la'asar na kawo maka. Ka ce gaskit ɗin L24 ko allurar kabireta ta Hitachi, sai dai a yi oda daga Amurka ko Japan, a biya da dala, a jira jirgi. Sannan wa zai saita kabireta biyu su riƙa numfashi daidai? Yaran garejin yanzu na'ura suke jonawa ta faɗa musu ciwon mota. Dattawan da ke saiti da kunne saura ƙalilan.

Injiniya: Ɗan Panteka ya faɗi rabin lissafi ya ɓoye rabi. Dasa 2JZ ba kamar canza batir ba ne. Sai an ƙera sabbin ƙafafun inji, a daidaita giya, a yanke ko a ƙara sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, a sa famfon mai na injekta, rewaya ya zauna ya ja wayoyin ƙwaƙwalwar inji daga farko. Sai babbar magana: burki. Bayan 240Z burkin ganga ne, faifai a gaba kawai. Ka ɗora mata doki sama da 200 ka bar wannan burkin, ka sayi tikitin asibiti. Wata biyun da bakanike ya ce, ka ninka shi sau huɗu, kuɗin ma haka.

Na Amurka: Bari in sa baki ta fuskar kuɗi, don a nan nake ganin yadda ake cinikinsu. A Janairun 2020 an sayar da wata 240Z ƙirar 1971 a gwanjon intanet kan dala 310,000. Sabuwarta a 1970 dala 3,500 da 'yan kai ce. Me ya kai ta can? Ba a taɓa ta ba, tafiyarta ba ta wuce mil 22,000 ba, lambar inji ta dace da ta jikin farantin mota. Masu saye abin da suke fara dubawa ke nan. Kamfanin Nissan mai ƙera Datsun da kansa, wajen 1996 zuwa 1997, ya sayi tsofaffin 240Z a Amurka ya sa aka gyara su kamar yadda suka fito, ya sake sayarwa. Bai dasa musu injin zamani ba, alhali yana da su jibge.

Ɗan Panteka: Yallaɓai, wadda ta yi dala 310,000 a ɗaki aka ajiye ta kamar amarya. Tamu ta sha damina sama da 25 a waje. Kada mu sa wa yaron nan mafarki.

Na Amurka: Gaskiya ne, ba ajinsu ɗaya ba. Amma ko a masu rauni, mai injinta ta fi daraja.

Anti: Ku yi haƙuri in katse ku, ni ban san fistan ba ban san ringi ba. Tambaya ɗaya nake da ita ga mai motar: sayarwa za ka yi? In ba sayarwa za ka yi ba, me ya haɗa ka da farashin Amurka? Na san Yaya, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son a yi amfani da abu. Da zai ga jikokinsa a cikinta ranar sallah, ba zai tambayi lambar inji ba.

Mai Datsun: Amin Anti. Ba na sayarwa ba ce, ko nawa aka taya.

Kawu: To ai shi ya sa. Abin da ba na sayarwa ba amana ne. Akwai ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ma'aunin da ta sa shi ne mota ta kai shekara 30 kuma a kiyaye ta a yanayinta na tarihi. Kuma ku tuna motar nan da injinta na gida ta ci gasar tseren motoci ta Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Injin da ya jure ƙura da taɓon Kenya ne za a ce ba zai iya zuwa Zariya ba?

Injiniya: Kawu, nan kam ka ba abokan hamayya sanda. Motocin Safari ai ba yadda suka fito daga shago aka shiga da su ba. An ƙara wa injin ƙarfi, an ɗaga ƙafafu, an sa faranti a ƙarƙashinsu don duwatsu. Taɓa 240Z tsohuwar al'ada ce, tun shekarun 1970 Amurkawa ke cusa mata injin V8 na Chevrolet. Ni inda na tsaya: duk abin da za a kwance da sifana a mayar, halal ne. Abin da sai an sa wuta an yanka jiki, shi nake ƙi.

Oga Fanel: Tun ɗazu ina karatu ina dariya. Kuna ta faɗa kan zuciya, ba wanda ya tambayi ƙashi. 240Z ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura, jikin ne shasin, dogayen ƙarafan ƙasa a manne suke da daɓen. Kuma ƙarfenta siriri ne, tsatsa na son sa. Alhaji ƙarami, ɗauki sukudireba ka soki ƙarƙashin mazaunin batir, daɓen ƙafar direba, gindin ƙofofi, da bakin ƙofar baya. Ganyen dalbejiya ya toshe magudanan ruwa shekara da shekaru. In ya shige kamar biredi, to ko injin jirgi ka kawo ba inda za a ɗaura shi. Aikin walda ne zai ci kuɗinka, ba inji ba.

Mai Datsun: Oga, na je na soka. Wajen batir ya ɓurma, hannuna na shiga. Daɓen direba rami biyu. Dogayen ƙarafan da sauƙi, sun yi ƙara mai kyau.

Oga Fanel: Alhamdu lillahi, mai rai ce. Kada ka bari a shafe ramukan da foti a fesa fenti. A yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe.

Injiniya: Kafin a yanke wa injin hukunci kuma, cire fulogai shida, zuba man giya gauraye da ɗan gas a kowace silinda, ka bar shi mako biyu, kullum ka ɗan gwada shi gaba da baya a hankali. Sau da yawa ringi ne ya manne, ba bugawa ya yi ba. Kana wajen, goge jikin injin ta gefen fulogai can baya, akwai lamba. Karanto mana ita da ta farantin da ke ɗakin inji.

Mai Datsun: Jama'a, akwai magana. Faranti ya ce L24. Jikin inji ya ce L28. Na kira Hajiyarmu, ta ce ƙwarai, wajen 1985 injin ya buga a hanyar Jos, Baba ya sayi na wata Datsun 280C da ta yi hatsari aka sa. Ta ce har Kawu ne ya raka shi ɗaukowa.

Ɗan Panteka: Allahu akbar! Kawu, ashe shekara tara kuna yawo da gawa kai da Yayanka?

Kawu: Kai yaro, kiyaye ni. Na tuna yanzu, a bayan wata Fijo 404 muka ɗauko shi. Amma L28 ɗan gida ne, uwa ɗaya uba ɗaya da L24, a kan ƙafafunsa ya zauna ba a yanka komai ba, kabiretocinta na asali aka mayar masa. Lita 2.8 ne, shi Nissan ta sa wa 280Z a 1975. Wannan ƙani ne ya gaji wa, ba baƙo aka shigo da shi ɗaki ba.

Na Amurka: Ta fuskar masu gwanjo dai lamba ta riga ta saɓa tun 1985, wannan hujjar tawa ta faɗi.

Anti: To yanzu wanne ne na asalin, wanda Japanawa suka sa ko wanda Yaya ya sa da hannunsa?

Mai Datsun: Ni dai na zuba man, yau kwana ɗaya. Na ce wa bakanike ya dakata da maganar Lexus sai mako biyun Injiniya sun cika. Oga Fanel, ranar Asabar nake so ka zo ka ga wajen batir ɗin. Kawu, kai ma ka zo, tunda kai ka san inda kuka jefar da L24 ɗin.

Kawu: Ba mu jefar ba. Duba bayan ɗakin ajiya, ƙarƙashin tsofaffin kwanon rufi.